Gwangwanayen Malam Ɗalhatu

Ranar Talata, sha biyar ga watan Yuli na shekarar 2025, da hantsi, Allah Ya yi wa Malam Ɗalhatu Garba Malumfashi rasuwa a birnin Doha. Ya kai ma'aikatan kamfaninsu wurin aiki a unguwar Nu'aija, ya ja bas ɗin ya ajiye a inuwa, ya kashe inji, ya ɗora goshinsa a kan sitiyari, bai sake ɗagowa ba. Likita ya ce zuciya ce. Shekarunsa hamsin da shida a duniya, sha huɗu daga ciki a nan ya yi su yana tuƙi. Ranar Alhamis aka sallace shi, aka binne shi a ƙasar da ba tasa ba. Ya bar mace ɗaya, Malama Zaituna, da 'ya'ya biyar a gida. Daga Allah muka zo, kuma wurinSa kowa zai koma. Ni Kirista ne, amma wannan magana ban taɓa jin ta baƙuwa a bakina ba.

Sunana Absalom, mutumin Zonkwa ne ni, ina gyaran na'urori a wani asibiti a nan. Yau kwana arba'in ke nan, Malam, sai yau na iya zama na rubuta. Na so in yi yadda aka saba, in ce kai mutumin kirki ne, in yi addu'a in rufe. Mutumin kirki ne kai, ba mai musun wannan. Amma akwai wani abu, in ban faɗe shi ba duk sauran rubutun ƙarya ne. Abin da ka shekara talatin kana nema an zubar da shi a bola kwana uku bayan ka rufe ido, kuma da hannuna a ciki.

Shekara tara ke nan da muka haɗu, a wani shagon tsoffin kayan lantarki a unguwar Mansura. Na shiga neman waya, sai na tarar da wani dogon mutum yana fama da mai shago da wani irin Larabci wanda shi kansa mai yin sa ba ya jin sa. Da ya gaji ya juya yana gunguni, ya ce, “Wannan bawan Allah bai ma san majigi ba.” Na fashe da dariya. Ka kalle ni sama da ƙasa ka ce, “Kai ɗan ina ne da kake yi wa babba dariya?” Ƙwan majigi kake nema. Na samo maka shi bayan sati biyu, tun daga ranar ka sa mini Injiniya, ba ka sake kiran sunana na yanka ba.

Ba zan iya ƙirga alherinka ba. Ranar da matata Kezia ta fara sauka ƙasar nan ina kan aiki, kai ka je filin jirgi ka ɗauko ta, ka tsaya a hanya ka saya mata abinci don ka ce baƙuwa ba ta shiga gida da yunwa. Duk ɗan Arewan da ya sauka bai san gabas ba bai san yamma ba, lambarka ake ba shi, ba ka tambayar ko masallaci yake zuwa ko coci. Lokacin da mahaifina ya rasu aka hana ni hutu, kwana uku ban ci abin kirki ba. Ka zo gidana a unguwar Al Muntazah da kunun gyaɗa a fulas da majigi a kafaɗa. Ka rufe taga da bargo, ka haska mini wani tsohon fim na wani ƙaton kuku na soja yana rera wa tukunyarsa waƙa, kaza ta tsere masa, bataliya guda ta bi ta da gudu. Na yi dariya har na koma kuka. Ka bar injin yana ta juyawa.

Wanda bai san ka ba zai yi mamakin abin da direban bas yake yi da majigi. Tsoffin finafinan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kake tarawa, yaƙin Hitila inji tsofaffinmu, waɗanda aka yi don a sa sojoji da mutanen da suka bari a gida dariya. Waƙa ce da rawa da wauta daga farko har ƙarshe: kurtun da bai san hagu da dama ba, saja mai ƙaton ciki, 'yan mata da hulunan sojan ruwa suna tsalle a jere. Kuma ba na waya ko na faifan zamani kake so ba. Ainihin zaren fim ɗin kake nema, wanda ake naɗewa a ƙarfe a rufe cikin faffaɗan gwangwani. Guda goma sha bakwai ka tara. Da yake zafi yana cinye irin wannan zare, ka sayi ƙaramin firij ka ajiye a gefen gadonka, a ɗakin da kuke kwana ku biyar a Mansura. Abokan ɗakinka suna tsokanarka, wai a duk Doha firij ɗinka ne kaɗai ko ruwan sanyi babu a ciki.

Ni ma na tsokane ka. Kowace Juma'a, ranar hutu a nan, ni na dawo daga coci kai ka sauko daga masallaci, mu ci abinci mu rufe taga. Wata rana na ce maka gaskiya finafinan nan shirme ne. Ka ce, “Shirme ne mana, Injiniya. Amma dubi masu rawar nan da kyau. Kowace ɗaya tana da wani a bakin daga. Wanda ya sa mutane dariya a ranar da babu abin dariya, ai ya yi aiki.” Ka ce sauran masu tara irin waɗannan finafinai, tsofaffin Turawan da kuke musayar saƙo da Turancinka na tasha, masu tsabta suke rububi, waɗanda ba a taɓa haskawa da yawa ba. Kai kuwa masu karce kake so. Kowane karce, inji ka, wani sansani ne aka haska shi, wasu samari suka zauna a ƙasa suka kalla, wasunsu ba su ga wata mai zuwa ba. Ka ce in an bibiya, duk mai tara su wani yake nema a ciki, ko da ya ce maka kiɗan ne ya burge shi.

Kai mahaifinka kake nema. Kofur Garba ya je yaƙin Bama yana saurayi, makaɗin ganga ne a badujalar soja. Ya sha ba ka labari cewa kafin a tura su daji, wasu Turawa sun zo sansaninsu da na'urar ɗaukar hoto, suka sa su fareti suna kiɗa, suka ce za a saka a wani fim na waƙa da ban dariya. Da ya dawo gida ya kama aikin majigi na En'e, yana bin ƙauyuka yana haska wa mutane fim a jikin bango, kullum yana sa ran wata rana zai ga kansa. Bai gani ba har ya rasu. Ko hoto ɗaya na ƙuruciyarsa bai bari ba, kai da furfura ka san shi. Mutum ɗaya ce ta rage a duniya da ta san fuskarsa yana saurayi, ƙanwarsa Gwaggo Ladi, wadda ta raka shi bakin mota tana 'yar yarinya ranar da zai tafi. Yanzu ta haura casa'in, amma ka ce idonta ras.

A watan Afrilun bana gwangwani na goma sha bakwai ya iso. Ka kira ni, ka ce in zo yanzu-yanzu. Na same ka tsaye a bakin taga, ka warware zaren ka ɗaga shi ga haske, kana dubawa da madubin da ke ƙara girman abu. A tsakiyar fim ɗin, tsakanin wata waƙa da wata, ga baƙaƙen sojoji suna fareti da kayan kiɗa. Na uku daga hagu yana rataye da ganga. Kowane hoto bai kai farcen ɗan yatsa ba, fuskar kuwa ɗigo ce kawai. Na gwada ɗauka da wayata ta cikin madubin, abin ya fito dishi-dishi. Ka ce ba komai, in aka haska a bango zai fito ƙato. Ka ce ba kai za ka yanke hukunci ba, hutunka na watan Agusta za ka ɗauki majigi da gwangwanin zuwa Malumfashi, ka zaunar da Gwaggo Ladi a tsakar gida, ita za ta ce shi ne ko ba shi ba ne.

Sai dai majigin ya lalace tun watan Maris. Wani ɗan ƙarfe ne mai haƙora da ke jan zaren, haƙori biyu suka karye, in aka sa fim a haka yaga shi zai yi. Ka naɗe injin a bargo ka kawo mini gida. Na duba na ce ƙaramin aiki ne, Juma'a mai zuwa. Malam, sau nawa na ce maka Juma'a mai zuwa? Na yi barci, na kalli ƙwallo, na raka Kezia kasuwa, na karɓi aikin ƙarin lokaci, injin yana bayan ƙofa yana shan ƙura. Ba ka taɓa ɗaga mini murya ba. Sai dai ka kira ka ce, “Injiniya, yaya mara lafiyarmu?” ni kuma in ce yana samun sauƙi, mu yi dariya. Juma'ar ƙarshe da muka ci abinci tare ka ce mini, “Hutuna ya matso fa. Gwaggo ba ta da lokaci irin namu.” Ita muke jiye wa tsoro, ni da kai.

Ranar Alhamis a maƙabarta na tsaya kafaɗa da kafaɗa da Malam Surajo, ɗan garinku kuma abokin ɗakinka, mai gadi a wani ginin ofisoshi. Shi ne babban 'yan Malumfashi a nan, duk wanda ya rasu shi ake damƙa wa kayansa, saboda kowa ya shaida amanarsa. Muka yi wa juna gaisuwa, muka rabu. Kalma ɗaya ban ce masa a kan firij ɗin ba. Na ɗauka akwai lokaci, halina ke nan. Ban san kafil ɗinku, wato ubangidanku na kamfani, ya aiko cewa yana son gadon kwananka ranar Asabar ba, akwai sabon direba da zai shiga. Mutum ya shekara sha huɗu yana yi musu tuƙi, katifarsa ba ta huce ba an ba wani.

Ranar Juma'a ina asibiti suka taru suka haɗa kayanka, kuma sun yi shi yadda aka koya musu tun suna yara. Abin da mamaci ya bari na magada ne, ba a taɓa shi, ba a barin ko tsinke a baya. Suka ninke rigunanka, suka haɗa takalma, har rabin kwalbar man shafawa suka ɗaure a leda. Suka cire firij daga wuta suka goge shi don a aika ta jirgin ruwa. Da suka buɗe gwangwanayen sai warin tsami ya buge su. Tsohon fim haka yake yi, kai ka sani, ni na sani, su ba su sani ba. Suka ce abin ya ruɓe. Ba za a ɗora wa marayu ɗaukar ruɓaɓɓen kaya ba, amma gwangwanin ƙarfe ne mai kyau, haƙƙin magada ne. Suka zauna yini guda suna warware zare daga ƙarafunansa, guda goma sha bakwai, suna cusawa a baƙar leda. Suka wanke gwangwanayen da soso da sabulu, suka kankare takardun da aka manna a murafen, suka shanya. Da suka bushe suka cika su da dabino da turare don masu zuwa gaisuwa a gida.

Na isa ranar Asabar da safe na tarar da su jere a kan gadonka suna sheƙi. Malam Surajo ya tarye ni da fuskar wanda ya sauke nauyi. Ya ce, “Wallahi Absalom, ko allura ba mu bari ba. Komai mun haɗa wa marayu. Abin da ya lalace kawai muka fitar, khalas, shi ke nan.” Na tambaye shi ina zaren. Ya nuna mini ta taga. Da ya ga yadda fuskata ta koma, ya ce, “Subhanallahi. Yana da amfani ne? Ai shekaranjiya muna tare ba ka ce komai ba. Kai ne ka san kan abin.”

Na so in yi masa ihu, sai na rasa ta inda zan fara. Shekara nawa yana kwana ɗaki ɗaya da kai, gadonsa yana kallon firij ɗin, bai taɓa tambayarka me ya sa babban mutum mai iyali yake hana kansa nama don ya sayi tsohon zare ba. Dukansu sun ɗauke shi wata 'yar tabuwa ce da ake yi wa mutumin kirki uzuri a kanta. Wannan yana yi mini ciwo har yau, kuma ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya faɗa gaskiya ne. Su sun yi kuskure da tsoron Allah a zuciyarsu, ni da lalaci na yi nawa.

Na sauka da gudu zuwa bayan ginin. Motar shara ta riga ta zo tun asuba. Na leƙa cikin bolar, na kifar da ita, mutane suna wucewa suna kallona. Abin da na samu guntu ne ɗaya, bai fi kamu biyu ba, ya maƙale a ƙafar bolar, rana ta fara nannaɗe shi, ga busasshiyar shinkafa a jiki. Na goge da rigata na ɗaga sama. Wata Baturiya ce da hular sojan ruwa, ta wage baki tana dariya. Babu ganga, babu fareti.

Kada wani ya ce mini in nemi wani kwafin. Sunan fim ɗin yana kan takardar da aka kankare. Ka faɗa mini shi ya fi sau biyar, ban riƙe ba, domin ina sauraronka ne irin sauraron da ake yi wa mai ba da labarin da aka saba ji. Wayarka da yatsanka take buɗewa, yatsan yana ƙarƙashin ƙasa. Na kwana biyu ina kallon irin waɗannan finafinai a intanet har idona ya yi ja. Kukun soja na gani, da sajoji masu ƙaton ciki, da 'yan mata masu tsalle. Ban ga Kofur Garba ba.

Ranar Lahadin da ta biyo baya na jawo majigin daga bayan ƙofa. Na kwance shi a kan teburin cin abinci, na goge wani ƙarfe na daidaita haƙoran, na ɗaura. Kezia ta ɗora shinkafa lokacin da na fara, kafin ta sauke na gama. Aikin da na ja wata huɗu ke nan. Na rufe taga da bargonka na kunna. Injin ya tashi lafiya lau, ya watsa farin haske a bango. Na zura guntun nan. Matar ta yi dariyarta kamar ƙiftawar ido uku, bango ya koma fari.

Makon jiya Malama Zaituna ta kira ni. Wani da ya je hutu ya kai musu kayan. Ta yi godiya, ta ce gwangwanayen sun yi kyau, mata sun raba, har Gwaggo ta ɗauki ɗaya tana ajiye goro. Na riga na tura mata hoton nan na wayata, ta ce ta nuna wa tsohuwar, ta juya shi ta juya, ta ce ita tururuwa take gani a jere. Sai na ji Gwaggo tana cewa a ba ni shi, a ba ni shi. Muryar ta fito siririya amma a tsaye.

Ta ce, “Kai ne Injiniya? Ɗalhatu ya ce kai ke gyaran majigin. Ya ce zai kawo mini Yaya Garba in gani. To shi ya tafi, amma ai kai kana nan. Yaushe za ka kawo?”

Malam, wallahi saura kaɗan in ce mata Juma'a mai zuwa. Maganar ta zo har bakina, don ta saba da hanyar. Na haɗiye ta. Na gaya mata gaskiya duka, da bolar, da wankin gwangwani, da wata huɗun da injin ya yi a bayan ƙofata. Sannan ta ce, “To. Ba komai, ɗana. Ai na kusa ganinsa.” Ta miƙa wayar.

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Zaituna da 'ya'yanta biyar, da Gwaggo Ladi, da dukan dangi a Malumfashi, da Malam Surajo da abokan ɗakinsa, waɗanda na san yanzu su ma ba sa barci da daɗi. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya raya marayu, Ya tsaya musu. Majigin kayan magada ne, zan kawo shi da hannuna in Allah Ya kai mu Disamba, ba zan ba kowa saƙo ba.

Kai kuma Malam Ɗalhatu, Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya saka maka da alherin da ka yi wa baƙi a ƙasar da kai ma baƙo ne. Allah Ya haɗa ka da Kofur Garba, ka gan shi da idonka yana saurayi, ba sai wani ya gyara maka inji ba. Ni ban san ko na cancanci ka yafe mini ba, amma ina roƙo. Kullum kai ke kira ka tambaya, yau ni na kawo maka amsa ba ka tambaya ba: mara lafiyarmu ya warke, Malam. Yana nan a kan tebur, babu abin da zan saka masa.